Maganin Gida da Maganin Likita a Ƙasar Arewa

  

Yau zancenmu a kan magani ne. Ka san dai cuta ba ta sallama. Ranar da mutum ya ɗauki hauya zai shiga noman fari, ranar masassara ke kayar da shi. Kwana goma a kwance cikin watan Yuli sun isa haki ya cinye hatsi. Ciwon mutum ɗaya kuma yakan tsayar da mutum uku: mai ciwon, da mai jinya, da mai yawon neman magani. Saboda haka maganar lafiya maganar rumbu ce.

A nan Arewa, daga Dogon Ƙirya da Sukukutan har Tibiri da Gesheme, ba mu rasa masu magani ba. Shiga kasuwar Dogon Dutsi ranar Juma'a ka gani: ga saiwoyi, ga sassaƙe, ga ƙulle-ƙullen gari, ga mai lasifika yana kiran sunayen cututtuka. Abin da ke ba mutane wuya shi ne zaɓi. Wane ciwo ne za a yi wa magani a gida? Wanne ne ba ya jiran gobe? Kai da ka yi karatun yaƙi da jahilci, kai za a tambaya. To, karanta a hankali.

Su wa ke yin magani a garuruwanmu?

Na farko su ne tsofaffin gida. Kafin a je ko'ina, kaka ta riga ta jiƙa sabara, ko ta dafa tsamiya. Yawancin ƙananan cututtuka a nan suke ƙarewa.

Na biyu shi ne boka mai maganin itace. Ya san saiwa, ya san ganye, ya san lokacin da ake sassaƙa. Sau da yawa gado ne daga uba ko kaka.

Na uku ƴan bori ne. Arewa ta daɗe da suna a wannan fanni. Lugu, garin Sarauniya wadda ta tari sojojin Faransa a 1899, da Bagaji, garin Baura, su ne tushen al'adar azna. Ƴan bori suna ɗora wasu cututtuka a kan iskoki, su yi girka, su yi wasa. Wata masaniya mai suna Adeline Masquelier ta zauna a Dogon Dutsi a ƙarshen shekarun 1980, ta rubuta littafi a kan haka, aka buga shi a 2001.

Na huɗu malamai ne, masu rubutun sha, da tofi, da laya. A shekarun baya-bayan nan an samu kantunan maganin Musulunci, inda ake sayar da zuma, da man zaitun, da habbatus sauda, ana kuma yin ruƙiya.

Na biyar wanzami: aski, ƙaho, kaciya, tsaga, da cire belu. Na shida maɗori, mai ɗorin karaya da gyaran targaɗe. Ta bakwai ungozoma, mai yanke cibi da wankan jariri.

Sai kuma baƙin magunguna da fatake ke kawowa cikin kwalabe da kwalaye daga Sin, Indiya da Najeriya. Wasu masu tallan har da na'ura suke yawo, su ce ka ɗora hannu za ta faɗi dukkan ciwon da ke jikinka. Wannan na'ura ba ta ganin kome. Cikin aljihunka take dubawa.

Me ya sa ake zuwa wurin waɗannan mutane? Dalili a fili yake. Suna kusa. Suna jin harshenka, sun san iyayenka. Suna karɓar tiyar hatsi ko kaza, ko su jira kaka. Suna zama su saurare ka. Waɗannan abubuwa ne masu daraja, kada wani ya ce maka banza ne.

Itacen da ya zama ƙwaya

Ka sani, magungunan likita da yawa daga daji suka fito. Kinin daga ɓawon wani itace na Amurka ta Kudu yake, masana biyu na Faransa suka tace shi a 1820. Maganin masassarar cizon sauro da ake ba ka yau a likita, tushensa wani haki ne na ƙasar Sin, ɗan'uwan tazargade. Wata mace mai suna Tu Youyou da abokan aikinta suka fitar da sinadarinsa a 1972, aka ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015.

A Mali akwai ma'aikatar gwamnati a Bamako wadda aikinta ke nan. Daga ganyen geza ta yi maganin da ake kira Hepatisane, na taimakon narkewar abinci. Daga filasko ta yi Laxa-cassia, na taurin ciki. A Najeriya, cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya ta yi Niprisan, don sauƙaƙa wa masu amosanin jini. Cikin haɗin akwai ganyen jar dawa, da kanumfari, da masoro. A Senegal an gwada geza da furen yakuwa ga masu hawan jini wanda bai yi tsanani ba. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna sun ɗan sauke jinin.

A nan Nijar ma an yi aiki. A 1980 wata ƙungiyar masana a ƙarƙashin Farfesa Adjanohoun, mutumin Benin, ta buga littafin itatuwan magani na ƙasarmu, bayan ta zauna da masu magani ta ji daga bakinsu. Tun taron Alma-Ata na 1978 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jawo masu maganin gargajiya cikin aikin kiwon lafiya, a ba su horo. Tun 2003 kuma ana bikin ranar maganin gargajiya ta Afirka kowace 31 ga Agusta.

To, ina bambancin ƙwaya da jiƙo? Awo ne. Ƙwaya an san nauyin abin da ke cikinta, an gwada ta ga mutane da yawa, an san adadin yaro da na babba. Jiƙo kuwa ƙarfinsa yana sauyawa. Ganyen rani daban yake da na damina, saiwar tudu daban da ta fadama, hannun wannan tsohuwa daban da na waccan. Shi ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a yi maganin masassarar cizon sauro da shayin wancan haki na Sin. Abin da ke cikin shayin ba ya isa ya kashe ƙwayoyin cutar duka, waɗanda suka saura kuma sai su saba da maganin.

Abin da ke da amfani a gidanka

Ganyen zogala abinci ne mai gina jiki, yana da kyau ga mai ciki, da mai shayarwa, da yaron da aka yaye. Garin ƴaƴan kuka cikin kunu ko fura yana ƙara wa jiki ƙarfi. Tsamiya tana sassauta ciki. Zuma tana lafa tari ga babba da yaron da ya wuce shekara ɗaya. Jaririn da bai cika shekara ba, ba a ba shi zuma ko kaɗan, don tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye masa jiki.

Filasko yana wanke ciki da gaske, amma da ƙarfi yake yi. Mai ciki da ƙaramin yaro su nisance shi. Bagaruwa tana da bauri, shi ya sa majema ke jima da ita, tana kuma tsuke dasashi in an kurkure baki.

Ga wani maganin gida da ya ceci yara masu yawa a duniya. In zawo ya kama yaro, abin da ke kashe shi ƙarewar ruwan jiki ne. Ki sami ruwa mai tsabta lita 1, ki zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Ki motsa, ki ɗanɗana. Kada gishirinsa ya fi na hawaye. Ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, ki ci gaba da ba shi nono. In akwai ƙunshin gishirin zawo na likita, ya fi, tare da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14.

Addu'a kuwa, ba mai hana ka. Tana kwantar da hankalin mara lafiya da na danginsa. Malamai da kansu suna cewa a nemi magani. Ka yi addu'arka a bisa hanyar likita.

Al'adun da ke jawo hasara

Ba duk abin da muka gada ne alheri ba. Ga waɗanda aka tabbatar suna cutarwa.

Cire belu. Wani bincike da aka yi a Yamai, aka buga a 1994, ya samu kusan yaro 1 cikin 5 an cire masa belu kafin ya kai shekara 5. Belu halitta ce, kowa da nasa, ba ya hana shan nono, ba ya kawo amai. Yanke shi na jawo zubar jini, da ruɓar maƙogwaro, da ciwon sandarewar jiki wanda likita ke kira tetanos.

Aska ɗaya ga mutum da yawa. Ciwon hanta da SIDA suna bin jini. In za a yi kaciya, ko ƙaho, ko askin suna, ka sayi sabuwar reza, a buɗe ta a gabanka. Cibi ma da sabuwar reza ake yanke shi, kada a sa masa toka, ko ƙasa, ko kashin shanu.

Yankan gishiri. In naƙuda ta yi tsawo, yanka ba ya buɗe hanya. Yana huda mafitsara, mace ta koma yoyon fitsari. Dokar Nijar ta 2003 ta haramta yi wa mace kaciya da yanka irin wannan. Naƙudar da ta wuce yini ɗaya ko dare ɗaya, a nemi mota.

Kunun kanwa mai yawa da zafin jego. A shekarun 1970 likitocin Zariya sun ga mata masu jego da yawa suna zuwa da kumburi da haki, zuciyarsu ta gaza. Suka gano yawan kanwa da kwanciya bisa gadon wuta suna ƙara wa zuciya nauyi. Ki yi wanka da ruwa mai ɗumi, ki rage kanwa. In ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi wuya, a tafi likita.

Ba jariri jiƙo. Daga haihuwa har wata 6 nono kaɗai ya ishe shi, ba bauri, ba rubutu, ba ruwa. Nonon farko mai kauri, wato dakashi, shi ne rigakafinsa na fari. Kada a matse shi a zubar. In an yi rubutu, uwa ta sha.

Kwalli a idon jariri. Kwallin dutse yana ɗauke da dalma, dalma kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ba ta gyaruwa.

Tsokane yanar ido. Masu yawo gari-gari suna tura yanar cikin ido da tsinke. Mutum ya ga haske kwana kaɗan, daga baya idanu da yawa su mutu. A likita ana cire yanar a sa wani ɗan gilashi a madadinta, tsoho ya koma gonarsa.

Itatuwa masu dafi. Nonon tumfafiya yana ƙona ido. Zaƙami yana haukatarwa, yana kisa. Ƴaƴan bini-da-zugu suna sa amai da zawo mai tsanani. Man ƴaƴan dogon yaro ba a ba ƙaramin yaro ya sha. Kada ka ce ai itace ne. Maciji ma a daji yake.

Ciwon da ba ya jiran gobe

Mafi yawan hasarar da ake yi, jinkiri ne ke kawo ta. A yi kwana biyu ana jiƙo, kwana biyu wurin malam, kwana biyu wurin boka, ran na bakwai a ɗora yaro bisa amalanke ya riga ya galabaita. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu, a tafi likita a ranar:

1. Yaro mai zafin jiki, musamman da damina. Gwajin jini a yatsa, cikin minti 20, zai nuna ko cizon sauro ne.
2. Taune-taune ko suma, ko yaro ya kasa shan nono, ko yana amayar da kome.
3. Tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat.
4. Numfashi da sauri, haƙarƙari yana lotsawa.
5. Zafin jiki da sanƙarewar wuya, musamman da bazara. A 2015 sanƙarau ya kama mutane fiye da 8,000 a Nijar, ya kashe fiye da 500, jihar Doso kuma tana cikin inda ya fi tsanani.
6. Mai ciki ko mai jego tana zubar da jini, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska.
7. Tarin da ya wuce mako 2.
8. Saran maciji. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, saboda haka tsaga wurin ƙara zubar jini ne. Kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. Baƙin dutse ba ya zuƙe dafi. A cire zobe da awarwaro, a tallafe gaɓar da kara don kada ta motsa, a ɗauki mutumin a kai shi inda ake allurar dafi.
9. Cizon kare. A wanke da sabulu da ruwa minti 15, a tafi neman allura.
10. Karayar da ƙashi ya huda fata, da ta ƙugu, da ta gadon baya.

In maɗori ya yi ɗori, ka riƙa duba yatsu. In sun yi sanyi, ko sun yi baƙi, ko sun daina ji, ko ciwon ya ƙaru, ɗaurin ya hana jini gudu. A sassauta nan take a tafi likita. Yara da yawa sun rasa hannu saboda an ce a daure zuwa gobe.

Farfaɗiya kuma ciwon ƙwaƙwalwa ce. Ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa. Akwai ƙwaya mai araha wadda in ana sha kullum, mafi yawan masu ita suna daina faɗuwa. Mai taɓin hankali ma yana da magani a likita. Mari da duka ba sa warkar da kowa.

Maganar kuɗi gaskiya ce, amma ka san haƙƙinka. A 2005 da 2006 gwamnati ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani, da awon ciki, da fiɗar haihuwa. Wani lokaci magani kan yanke, a rubuta maka ka saya. Duk da haka gwajin da shawarar sun fi zaman gida. Tun 2013 aka fara rabon maganin rigakafin masassara na damina ga yara daga wata 3 zuwa shekara 5, wata-wata, kwana 3 a jere. A 2024 aka ƙaddamar da allurar rigakafin cizon sauro a Gaya, cikin jiharmu. Rigakafi ya fi magani.

Yadda za ka gane mai magani na kirki

Na kirki a garinsa yake zaune, in abu ya ɓaci ka san ƙofarsa. Yana da cututtukan da ya sani, yana kuma iya cewa, "Wannan ya fi ƙarfina, ku tafi likita." Yana faɗa maka awo da kwanaki. Ba ya hana ka shan ƙwayar hawan jini, ko ta ciwon sukari, ko ta tari, ko ta SIDA.

Macuci kuwa kwalba ɗaya gare shi mai maganin cuta arba'in. Yau yana wannan kasuwa, gobe ya tsallaka iyaka. Wasu suna daka ƙwayoyin bature su zuba cikin garin itace don a ji aiki da sauri, su bar ka da ciwon ƙoda ko gyambon ciki. In ka ɗauki kwalba, yi amfani da karatunka. Duba sunan mai yin ta, da abin da ke ciki, da ranar lalacewa. In babu, ajiye.

In ka je likita, faɗa wa ma'aikaci duk abin da aka sha a gida, ka ma tafi da ragowar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wani jiƙon yana rage ƙarfin ƙwaya, wani yana haɗuwa da ita su wahalar da hanta.

Ka kiyaye kantin maganinka

Kantin maganin talaka yana cikin gonarsa. Tambayi tsofaffi su lissafa maka itatuwan da suka sani a Dallol Mawri suna yara, ka ƙirga waɗanda suka rage. Fari ya ci wasu, gatari ya ci wasu, masu sassaƙa sun ƙarasa wasu. Itacen da aka kewaye shi da sassaƙa mutuwa yake yi, domin abincinsa ta ƙarƙashin ɓawo yake bi.

In ganye zai yi, kada ka taɓa ɓawo. In ɓawo ake so, ka ɗiba siriri a tsaye ta gefe ɗaya, ka shafe wurin da laka. In saiwa ce, ka yanki ƙarama ɗaya, ka bar uwar, ka mayar da ƙasa. Ka shanya a inuwa bisa tabarma mai tsabta. Abin da ya yi fumfuna a zubar. Kada ka ɗebi ganye inda aka yi feshin maganin ƙwari, kada ka zuba jiƙo cikin galan ɗin da ya taɓa ɗaukar wannan maganin.

Lokacin sassabe, ka bar tohon sabara, ƙalgo, geza, magarya, aduwa da gawo. A kowane kututture ka zaɓi rassa 2 ko 3 masu ƙarfi ka gyara su, ka sare sauran. Manoman Maradi suka kama wannan dabara a shekarun 1980, ta bazu har ta rayar da itatuwa a kan hekta kusan miliyan 5 a Nijar. Itacen da ka bari zai tare maka iska, ya ba ka taki da makamashi, ya kuma ba jikokinka magani. A bayan ɗaki kuma ka dasa zogala.

Aikinka

Ga abu uku da za ka iya yi cikin makon nan. Ka karanta wa mutanen gidanku alamun nan goma, mata da maza, har su riƙe. Ka rubuta lambar wayar ma'aikacin likita mafi kusa da ta mai mota ko mai babur, ka manna a zaure. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan ka sami littafi ka zauna da tsohon garinku mai sanin itace. In ya yarda, ka rubuta sunan itacen, da sashen da ake ɗiba, da awo, da wanda bai kamata ya sha ba. Abin da aka rubuta ba ya bin mai shi kushewa, gobe kuma masu bincike za su sami abin gwadawa.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya cika rumbuna. Sai mun sadu a fitowa ta gaba.